Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Fenti Ba Ya Zama a Kan Salansar da Aka Sauya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da Honda Accord 'yar Kwatano wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Sakkwato da Gusau. Da tsohuwar salansarta ta huje, sai na kai ta wurin mai walda ya ƙera mini wata, ya sa bututu mai faɗi, ya kuma cire indomi, wato na'urar tace hayaƙi da ke jikin bututun, da ƙaramar tukunyar da ke tsakiya, domin an ce mini hakan yana ƙara wa mota ƙarfi. Mai fenti ya fesa mata baƙin fenti irin na jikin mota, amma tun ranar farko ta yi ta hayaƙi da ƙauri, kuma kafin mako ya zagayo fentin ya kumbura ya ɓare. Na sayi gwangwanin da aka rubuta cewa yana jure zafi, na fesa da kaina a kan na farkon, shi ma bai daɗe ba ya fara tashi, musamman kusa da inda aka yi walda. Yanzu tsatsa ta fara cin wurin. Shin akwai fentin da zai zauna, ko dai in haƙura?

Daga wani mai karatu a unguwar Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, akwai fentin da zai zauna, amma ba zai zauna a kan salansar a halin da take ciki yanzu ba, ko da kuwa ka sayi mafi tsada a kasuwa. Fentin farko bai dace da aikin ba tun asali, na biyun kuma an ɗora shi ne a kan wanda ya riga ya ƙone, sannan ba a gasa shi ba. A bayan waɗannan kuma akwai batun sauyin da aka yi wa bututun hayaƙin, wanda nake ganin shi ya kamata a fara dubawa kafin a sake kashe ko kwabo a kan fenti.

Hayaƙin injin fetur yana fitowa daga kan inji da zafin da yake kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos idan mota tana gudu da nauyi, kuma yana hucewa ne a hankali yayin da yake bin bututu zuwa baya. Salansar da ke can ƙarshe, a ƙarƙashin but, jikinta yakan tsaya tsakanin digiri 150 da 300 a tafiya ta yau da kullum, ya kuma haura haka idan an daɗe ana ba mota wuta a doguwar hanya irin ta Gusau. Fentin jikin mota kuwa an yi shi ne domin ya jure zafin rana, ba na wuta ba, kuma da zarar an wuce digiri 100 da 'yan kai sai ya fara laushi, ya kumbura, ya ƙone. Ƙaurin da ka ji a ranar farko na ƙonewarsa ne. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne fentin jikin inji, wanda akan rubuta cewa yana jure digiri 260, kuma shi ma a kan gaɓa yake ga salansa. Abin da aikinka yake buƙata shi ne fentin da aka haɗa da sinadarin silikon, mai jure kimanin digiri 650, ko kuma mai haɗin siramik, wanda masu yin sa suke cewa yana kai wa digiri 1,093.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin mafi yawan gwangwanayen da suke shigowa kasuwanninmu an yi su ne domin kasuwar Amurka, inda ake auna zafi da ma'aunin Faranhait. Idan ka ga an rubuta 500 da harafin F a gefe, to digiri 260 ke nan a ma'aunin da muka saba da shi. Lambar 1200 da F tana daidai da kimanin 650, lambar 2000 kuma tana daidai da 1,093. Ka ɗauko gwangwanin da ka saya ka duba harafin da ke bayan lambar, domin ba mamaki fentin inji aka sayar maka da sunan na salansa. Gwangwanin da aka rubuta cewa yana jure zafi amma ba a faɗi adadi ba, ni dai ba na ba da shawarar a saye shi.

Mu koma kan sauyin da aka yi. Salansar da mota take zuwa da ita daga kamfani ba a cika yi mata fenti ba, saboda ana yin ta ne da ƙarfen da aka lulluɓe da alminiyam ko kuma da wani nau'in ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, kuma sau da yawa jikinta ruɓi biyu ne. Wadda ake ƙerawa a gareji kuwa yawanci baƙin ƙarfe ce mai falle ɗaya, wanda yake ɗaukar zafi nan da nan, ya kuma yi tsatsa idan ba a rufe shi ba. Bayan haka, ƙaramar tukunyar tsakiya da aka cire tana daga cikin abubuwan da suke shan wani kaso na zafin kafin ya isa baya. Ita indomi aikinta shi ne ta ƙarasa ƙone ragowar man da bai ƙone a cikin inji ba, kuma idan babu ita, wannan ragowar takan bi bututu ta kama da wuta a wani wuri can gaba. Ƙarar fas-fas da wasu matasa suke jin daɗi idan sun saki totur ita ce alamar wannan, kuma duk inda man yake kamawa, wurin yana yin zafin da ya wuce na sauran bututun nesa ba kusa ba.

Ra'ayina a kan cire indomi shi ne asara ce. Ƙarfin da ake cewa mota tana ƙarawa ɗan kaɗan ne a injin da ba a taɓa shi ba, sai dai idan indomin ta riga ta toshe, kuma maganin wadda ta toshe shi ne a sauya ta. Cire ta yana sa fitilar gargaɗin inji ta kunnu a motocin da suke da sensa, wato na'urar auna iskar da ke cikin hayaƙi, a bayanta, yana kuma sa mota ta riƙa fitar da hayaƙi mai guba fiye da kima, alhali tun shekarar 2011 hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, take da ƙa'idoji kan hayaƙin motocin fetur da na dizal. Ina kuma fatan an miƙo maka wadda aka cire, domin a cikinta akwai ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ba ta rasa masu saye.

Kafin ka kankare komai, ka sa a ɗora motar a kan ramin dubawa ka karanta abin da fentin da ya lalace yake nunawa. Idan ya ɓare ko'ina bai-ɗaya, kuma ƙarfen da ke ƙasa yana da santsi ko maiƙo, to matsalar ta shirya ƙarfen ce kafin feshi, fentin bai sami abin kamawa ba. Idan kuwa wuri ɗaya ne ya koma fari-fari kamar toka, yana dagargajewa in an taɓa shi da yatsa, alhali sauran jikin yana nan baƙi, to zafi ne ya taru a wurin, kuma sai a nemi dalili. Fulogin da ya mutu ko kwayil mai rauni suna tura ɗanyen mai cikin bututu. Kafar da ta rage a wurin walda ko gaskit ɗin da ya ƙone, idan suna gaban sensa, suna barin iska ta shiga, sai na'urar motar ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara turowa. Irin wannan kafa ana gane ta da baƙin zanen kunkunniya da yake fitowa daga bakinta. Idan salansar irin mai ramin nan ce da ake cusa wa audugar gilashi a ciki, to audugar ce take kare jikin waje daga zafi, kuma idan ta cinye sai ƙara ta ƙaru, fenti ya fara ƙonewa. Wasu makanikai suna da na'urar auna zafi daga nesa, wadda ake nuna wa ƙarfe ta ba da lamba, kuma auna salansar da ita bayan doguwar tafiya zai gaya maka irin fentin da za ka saya ba tare da kirdado ba. Ba irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi a zamanin korona nake nufi ba, domin waccan ba ta kai ko kusa da wannan zafin.

Ka kuma tambayi mai waldar da wane ƙarfe ya yi aikin. Idan bututun ruwa ne mai rufin zinki, irin wanda masu aikin famfo suke amfani da shi, to ka sauya shi. Rufin zinki yana fara rabuwa da ƙarfe idan ya daɗe a zafin da ya wuce digiri 200, yana narkewa a wajen 420, kuma idan ya tashi zai tafi ne da duk fentin da ke kansa. Hayaƙin da yake fitarwa a lokacin walda ma yana sa mai aikin zazzaɓi.

Idan an gama da waɗannan, sai a zo ga shiri, wanda shi ne mafi yawan aikin. A kwance salansar daga jikin mota, domin ba a iya gyara samanta tana rataye, kuma ta sama ne ƙura da laima suke kwanciya. A kankare fentin biyu da suke kai gaba ɗaya har sai farin ƙarfe ya bayyana, da buroshin waya na injin gogar ƙarfe, sannan a bi da samfefa mai lamba 80 a wuraren tsatsa, a ƙarasa da mai lamba 180 ko 220. Idan akwai mai feshin yashi da iska mai ƙarfi a kusa, aikinsa ya fi kowanne, saboda yashin yana shiga lungunan da buroshi ba ya kaiwa, yana kuma barin ƙarfen da ɗan kaushi. Wannan kaushin shi ake nema, don haka kada a goge ƙarfen har ya yi sheƙi da sunan kyau. Wuraren walda su suka fi buƙatar haƙuri, domin a nan kashin walda yake maƙalewa, ga kuma wani baƙin ɓawo da zafi yake bari a gefe da gefe, kuma duk fentin da ya hau kansu zai faɗi tare da su ranar da suka ɓalle. Wannan ne dalilin da ya sa naka ya fara tashi daga can.

Bayan gogewa sai wanki. Al'adar gareji ita ce a wanke komai da fetur ko kananzir, amma a wannan aikin ba su dace ba, domin suna barin wani siririn maiƙo da ido ba ya gani, ga haɗarin gobara idan ana walda a kusa. A yi amfani da tina mai kyau ko asiton da farin tsumma mai tsabta, a yi ta sharewa ana juya tsumman har sai ya daina ɗauko baƙi. Daga nan kada wanda ya sake taɓa ƙarfen da hannu tsirara, domin gumin tafin hannu kaɗai ya isa ya bar tabon da fenti zai tashi daga kansa. A ɗaure salansar da waya a rataye ta, a kuma yi feshin a ranar, kada a kwana.

Kada ka yarda a shimfiɗa mata jan fentin nan da masu walda suke shafa wa ƙofofi da tagogi kafin a fesa mai jure zafin. Komai ƙarfin fentin sama, idan na ƙasa ya ƙone, tare za su sauka. Da yawa daga cikin fentin salansa ana fesa su kai tsaye a kan ƙarfe, waɗanda suke buƙatar shimfiɗa kuma suna da tasu ta musamman daga kamfani ɗaya, mai jure zafi iri ɗaya. Haka hukuncin yake ga ruwan sheƙi da ake fesawa a ƙarshe.

Wajen feshin, kauri shi ne abokin gaba. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya koma idan ya huce, har bututu mai tsawon mita 3 yakan ƙaru da kusan santimita guda idan zafinsa ya hau da digiri 300. Fenti mai kauri ba ya iya bin wannan motsin, sai ya tsattsage. A girgiza gwangwanin sosai, a riƙe shi kimanin santimita 25 zuwa 30 daga ƙarfen, a yi shafe na farko sama-sama ta yadda ana iya hango ƙarfen ta ciki, a jira kamar minti 10, a ƙara na biyu, sannan na uku idan akwai buƙata. Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci a nan. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai ya kwanta kamar gari, kuma in ka shafa hannu ya biyo ka. Masu yin fentin galibi suna so a yi feshi a zafin da bai wuce kimanin digiri 32 ba, don haka a irin wannan lokacin da sanyin safiya ake yi, a inuwa. A lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, sai a nemi wurin da iska ba ta kaɗawa, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. A rufe hanci da baki, kuma kada a bar gwangwanin a cikin motar da aka kulle a rana, domin yana iya fashewa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ka tsallake, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Fenti mai jure zafi kamar tukunyar yumɓu yake: ko ta bushe a rana ba ta zama tukunya ba sai ta shiga wuta. Kafin a gasa shi yana nan da laushi, farce yana iya kankare shi, ɗigon fetur yana iya narkar da shi. Idan kuma aka ba shi zafi mai yawa farat ɗaya, ragowar ruwan da ke cikinsa zai tafasa ya tayar da ƙuraje. Saboda haka ake gasawa daki-daki. Ga misali, umarnin fentin kamfanin VHT mai jure wuta ya ce bayan fentin ya bushe an mayar da salansar, a tayar da inji a bar shi yana silo na minti 10, a kashe ya huce na minti 20, a sake tayarwa na minti 20, a sake barin sa ya huce na minti 20, sannan a yi tafiya irin ta yau da kullum ta minti 30. Kowane kamfani yana da nasa lissafin a bayan gwangwani, kuma nasa za a bi. Domin zagayen ƙarshe, gara ka kama hanyar Bodinga ko ta Wamakko ka yi tafiya mai ɗorewa da matsakaicin gudu, saboda a cunkoson cikin gari salansar baya ba lallai ta kai zafin da ake buƙata ba. Za ka ga ɗan hayaƙi yana tashi daga jikinta, wannan ba abin damuwa ba ne. A yi wannan duka a fili, ba a cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin mota yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, balle motar da ba ta da indomi. Kada kuma a yi tunanin sa salansar a tandar burodi ko wani abin gashin abinci.

Ko an yi komai daidai, fentin ƙasan mota yana shan wahalar da na sama ba ya sha. Tsakuwa da yashin hanyar burji suna dukan sa, kuma salansar da aka sauya sau da yawa tana sauka ƙasa fiye da ta asali, sai ta riƙa gogar tudun rage gudu. Ka sa a ɗaga ta, a sa mata robobin rataya masu kyau, a kuma tabbatar ba ta matsa kusa da bamba ko tankin mai ba. Idan ka dawo daga tafiya, ka bar mota ta huce kafin masu wanki su watsa wa ƙasanta ruwa, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana tsattsaga fenti. Ka ajiye ragowar gwangwanin, ka riƙa leƙawa kafin damina da bayanta, duk inda dutse ya ɓalle ka goge ka taɓa shi tun tsatsa ba ta shiga ƙarƙashi ba.

TAMBAYA: Malam, ni bakin salansa mai sheƙi na sa wa motata, amma ya fara rinewa, ya koma ruwan zinariya, gefensa kuma shuɗi. Shin jabu aka sayar mini, kuma zan iya fesa masa fenti?

Daga wani mai karatu a Runjin Sambo.

AMSA: Ba lallai jabu ba ne, Malam. Ƙarfen sitenles haka yake yi idan ya ji wuta: yana fara komawa rawaya-rawaya a wajen digiri 300, ya bi ta ruwan ƙasa da shunayya, ya kai shuɗi idan zafin ya haura 500. Launin ba tsatsa ba ne, kuma man goge ƙarfe yana rage shi, ko da yake zai dawo. Abin lura shi ne shuɗin, domin ba a saba ganin bakin salansa na can baya ya kai wannan zafin ba, don haka ka sa a duba maka injin kamar yadda na bayyana a sama. Fenti kuwa ba ya kama ƙarfe mai santsi irin wannan sai an kashe sheƙinsa da samfefa, kuma tunda domin sheƙin ka saye shi, ni da zan bar shi yadda yake.

TAMBAYA: Malam, motata ba ta fita wajen gari, daga gida sai makarantar da nake koyarwa sai kasuwa. An yi wa salansarta fenti mai kyau kuma bai ɓare ba, amma sai ga ta ta huje daga ƙasa, ruwa yana ɗiga. Ina laifin yake?

Daga wata mai karatu a Arkilla.

AMSA: Malama, fentin bai yi laifi ba, domin tsatsar daga ciki ta fito. Duk litar fetur da inji ya ƙone tana haifar da kimanin litar ruwa guda a matsayin tururi. Idan tafiya ta yi nisa, salansa tana yin zafin da zai kore tururin ya fice tare da hayaƙi, amma a gajeriyar tafiya ana kashe mota tun salansar ba ta ɗumama ba, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta a ƙasanta, ya gauraya da abubuwan da ke cikin hayaƙi ya zama mai cin ƙarfe. Idan motar ta fito ne daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, kamar Kanada da arewacin Amurka, to wataƙila ƙarfen ya riga ya yi rauni tun kafin ta iso hannunki. Salansar da ta huje ta wannan hanya faci ba ya daɗewa a kanta, gara a sauya ta da mai rufin alminiyam ko ta sitenles. Wasu salansoshin suna zuwa da ɗan ƙaramin rami a ƙasa domin ruwan ya riƙa fita, don haka ki gaya wa makanike kada ya toshe shi da walda da sunan gyara. Sannan ki riƙa ba motar tafiyar kamar rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya sau ɗaya a mako, domin ruwan da ya taru a ciki ya ƙafe.